Masara Ga Mota, Dusa Ga Saniya, Mutum Fa?

Babu ƙasar da ta kai Amurka noman masara a duk faɗin duniya, amma kimanin kashi ɗaya cikin uku na masarar da manomanta ke girbewa a kowace shekara, wani lokaci har fiye da haka, ba ta shiga tukunyar kowa. Manyan motoci da jiragen ƙasa ne ke kwasarta zuwa wasu masana'antu kusan 200 da ke warwatse a tsakiyar ƙasar, musamman a jihohin Ayowa da Nebraska, inda ake tsima ta a mai da ita barasa mai ƙarfi wadda ake kira itanol, a gauraya ta da fetur a zuba wa motoci. Yawancin man da ake sayarwa a gidajen man ƙasar yana ɗauke da kashi 10 cikin 100 na wannan barasa. Kada hankalin masu bi ya tashi, ba ta sha ba ce, domin kafin ta bar masana'anta sai an zuba mata ɗan fetur yadda mashayi ba zai yi sha'awarta ba.

Duk lokacin da aka tuhumi masu wannan sana'a da ƙona abinci alhali akwai mayunwata a duniya, amsar da suke bayarwa guda ce, wai ai masarar ba ta ɓace ba, domin dusar da ta rage bayan an tace barasar tana komawa ga shanu, shanu kuma su ba da madara da nama. Wannan amsa ce muke so mu ɗora a kan sikeli a wannan mako, domin akwai gaskiya a cikinta, akwai kuma inda ta gaza, kuma duka biyun sun shafi masu karatunmu, manoma da masu kiwo da iyayen yara.

Bari mu fara da lissafi, da ma'aunin da muka saba da shi. Idan aka kai buhun masara mai kilo 100 masana'antar itanol, za a niƙa shi, a dama da ruwa, a dafa, a zuba wasu sinadarai da ke mai da sitaci sukari, sa'an nan a zuba yisti ya cinye sukarin. Duk macen da ta taɓa ganin yadda ake dafa burukutu za ta gane hanyar, injuna ne kawai suka bambanta su. Abin da zai fito daga buhun nan shi ne barasa kimanin lita 40, da iska mai nauyin kilo 30 ko kusa da haka wadda ke tashi lokacin tsimi, da kuma dusa wadda in an busar da ita za ta kai kimanin kilo 30. Wato dai buhu guda cur bai isa ya cika tankin mota mai cin lita 50 ba. A wannan gefe namu kuwa, mun san kwana nawa buhu guda ke yi a gidan mai iyali.

Ita wannan dusa, wadda a takardun ciniki suke rubuta ta da haruffan DDGS in busasshiya ce, ta sha bamban da dusar da ake samu a injin niƙa na unguwa. Kimanin kashi biyu cikin uku na ƙwayar masara sitaci ne. Tun da yisti ya cinye sitacin, duk abin da ya rage sai ya taru wuri guda, ƙarfinsa ya ninka sau uku. Sinadarin gina jiki, wato furotin, wanda a ƙwayar masara bai wuce kashi 9 cikin 100 ba, a dusar yakan kai kashi 30. Man da ke cikin ƙwayar yakan tashi daga kashi 4 zuwa 10 ko 12, ko da yake tun wajen shekarar 2010 yawancin masana'antun sun koma tatse wani ɓangare na man suna sayar da shi dabam, saboda haka dusar yanzu ba ta kai ta da maiƙo ba. A riƙe wannan magana ta ninki uku da kyau, domin a kanta alherin dusar da sharrinta duka suka rataya.

Saniyar tatsa a Amurka wata irin halitta ce da ba a saba gani a rugagenmu ba. A tsakaicin lissafi takan ba da madara fiye da lita 30 a rana, alhali farar saniyarmu ta Bunaji, a kiwon gargajiya, in an tatsi lita ɗaya ko biyu bayan abin da maraƙi ya sha an gode Allah. Saniyar da ke zubo madara haka sai ta ci busasshen abinci kimanin kilo 25 a kowace rana, kuma abin da ya fi cin kuɗin mai garke a cikin abincin nan shi ne furotin, wanda galibi daga waken soya ake samunsa. Da dusar itanol ta yawaita, sai masu garke suka sami abin da zai maye gurbin wani ɓangare na waken soya da na masarar kanta a kan farashi mai sauƙi. Shanun nama ne suka fi cinye ta, na tatsa ke biye musu. Aladu da kaji kuwa kaɗan suke iya ɗauka, don cikinsu ba ya sarrafa ɓawo kamar tumbin dabba mai tuƙa.

Masana kiwo na jami'o'in yankin, musamman Jami'ar Jihar Dakota ta Kudu inda Farfesa David Schingoethe da abokan aikinsa suka daɗe suna gwaje-gwaje, sun tattara sakamakon bincike da yawa a shekarar 2009, kuma abin da suka tsaya a kai shi ne ana iya bai wa saniyar tatsa wannan dusa har zuwa kashi 20 cikin 100 na busasshen abincinta ba tare da madararta ta ragu ba, sau da yawa ma takan ɗan ƙaru. Ga saniyar da ke cin kilo 25, kilo 5 ke nan a rana. Idan aka zarce kashi 30, musamman da jiƙaƙƙiyar dusa, sai cin abincinta ya ja baya, madara ta bi shi. A aikace yawancin masu garke ba sa ma kaiwa kashi 20 ɗin, suna tsayawa a wajen rabinsa, saboda dusar wannan masana'anta ba ɗaya take da ta waccan ba, kai har lodin yau yakan bambanta da na jiya.

Dalilan wannan taka-tsantsan suna da yawa, amma ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Akwai maganar mai. Man masara in ya yi yawa a tumbi, kuma saniyar ba ta samun isasshiyar ciyawa mai tsawo da za ta sa ta tuƙa, yakan ɓata aikin ƙananan halittun da ke narka abinci a cikin tumbin, sai madarar ta fito tsararo, man shanun cikinta ya ragu. Tun da a can kamfanoni na biyan mai garke ne gwargwadon mai da furotin da ke cikin madararsa, wannan hasara ce kai tsaye, araha ta zama tsada. Akwai kuma wani ɓangare na furotin da ake kira laisin, wanda masara ba ta da shi da yawa, saniya kuwa tana bukatarsa don yin madara, kuma in an ƙona dusar wajen busarwa har ta yi duhu tana ƙauri, ɗan abin da ke ciki ma ya lalace. Shi ya sa masu saye suka fi son wadda ta fito launin zinariya. Sai farar wuta, wadda ke shiga dusar ta hanyar ruwan asid da masana'antu ke amfani da shi wajen daidaita tsimi da wanke tukwane. In ta yi yawa a abinci, balle in ruwan rijiyar da shanun ke sha ma yana da ita, takan taɓa ƙwaƙwalwar dabba, ta makance, ta riƙa tangaɗi, wata ma ta mutu. Sinadarin fosfaros da ya wuce bukatar saniya kuma yakan fita a kashinta, ruwan sama ya wanke shi daga gona zuwa rafi.

Jiƙaƙƙiyar dusa, wadda kusan kashi biyu cikin uku nata ruwa ne, ta fi araha don ba a kashe wutar busar da ita ba, amma a lokacin zafi ba ta wuce 'yan kwanaki, da ƙyar ta cika mako, sai ta fara fumfuna. Ba ta kuma jure doguwar tafiya, don kuɗin ɗaukar ruwa a mota ya fi ƙarfin ribar. Garken da ke maƙwabtaka da masana'anta ne ke morarta. Busasshiyar ita ce ke tsallaka teku, fiye da tan miliyan 10 a yawancin shekarun nan, zuwa Meziko da Koriya ta Kudu da Biyetnam da Indonesiya da Turkiyya. Ƙasar Sin ce ta fi kowa saye a da, har zuwa lokacin da ta ɗora mata haraji mai nauyi a farkon 2017.

To, har zuwa nan masu itanol suna da gaskiya. Dusar abinci ce ta ƙwarai in an san ma'auninta, kuma wanda ya tattara abin da ya rage ya yi amfani da shi bai yi laifi ba. Mu da muka san labarin kwanduna goma sha biyu na gutsattsarin da Ubangiji ya sa almajiransa suka tattara bayan ya ciyar da taron jama'a, ba mu ne za mu rena wannan ba. Amma a labarin nan sai da mutane suka ci suka ƙoshi tukuna aka tattara ragowa. A nan ne lissafin itanol ya juya baya, domin mota ce ke fara ci.

A shekarar 2005 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar da ta tilasta gauraya man da aka samo daga tsiro da fetur, a ƙarshen 2007 kuma Shugaba Bush ƙarami ya sa hannu a kan wata dokar da ta faɗaɗa ta, wadda ta ba itanol na masara gurbi har galan biliyan 15 a shekara. Ma'aunin masara na can, mai kilo 25, wanda ake sayarwa wajen dala 2 a 2005, ya haura dala 7 a tsakiyar 2008. A watan Janairun 2007 dubban mutane suka fito zanga-zanga a birnin Meziko saboda tsadar wainar masara wadda ita ce tuwonsu. A 2008 tarzomar tsadar abinci ta ɓarke a Haiti, a Burkina Faso, a Senegal, har da maƙwabciyarmu Kamaru a watan Fabrairu, inda aka yi hasarar rayuka. Jean Ziegler, wanda a lokacin shi ne wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya a kan 'yancin samun abinci, ya kira mai da gonakin abinci na mai laifi ne ga bil Adama. Ba mu ce itanol kaɗai ya jawo wannan ba, domin a shekarun ne ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo, fari ya afka wa alkamar Ostareliya, Indiya da Biyetnam kuma suka taƙaita fitar da shinkafa. Gwamnatin Amurka ta ce hannun itanol a tsadar bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, wani masanin Bankin Duniya mai suna Donald Mitchell kuwa ya ce man tsiro da abubuwan da ya haifar sun kai kashi 70 zuwa 75. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ta isa ta nuna mana cewa kowa da inda ya tsaya yake awo. Da fari ya ƙone masarar Amurka a 2012, farashi ya wuce dala 8, shugaban Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya roƙi a ɗage dokar na ɗan lokaci, masu kiwon ƙasar da kansu ma suka roƙa, hukuma ta ƙi.

A lura da wannan na ƙarshe. In da dusa na mayar da duk abin da aka ɗauka, da masu kiwo ba su yi kuka ba. Kilo 100 aka ɗauka, kilo 30 aka maido, kuma farashin dusar kansa yana bin na masara ne sau da ƙafa, in ta hau ya hau.

Amma adalci ya sa mu faɗi wani abu da masu sukar itanol kan tsallake. Masarar da Amurka ke nomawa galibinta ja ce ta dabbobi, tun kafin zuwan itanol ma shanu da aladu da kaji ne ke cinye mafi yawanta. Saboda haka in aka cire sitacin aka bai wa mota, aka miƙa wa saniya sauran, Ba'amurke bai rasa abincin darensa ba. Wanda ya ji a jikinsa shi ne talakan ƙasar da ke sayen masara daga waje. Wannan bambanci shi ne ya sa maganar ta zama tamu, domin a Kaduna da Filato da Bauci da Gombe da Adamawa da Taraba masara tuwo ce, kunu ce, ita ce abin da ake kawowa majami'a ranar godiyar kaka, ita ce kuma ake auna wa gwauraye da marayu daga rumbun ikkilisiya in damina ta yi nisa.

Gwamnatin Tarayya ta fito da nata tsarin man tsiro tun 2007, da nufin gauraya kashi 10 cikin 100 na itanol a fetur, ta dogara ga rogo da rake, amma abin bai yi nisa ba. Maganar takan farfaɗo duk lokacin da mai ya yi tsada, kamar yadda ya yi bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. In wata rana wani ya zo garinmu da takardu yana neman fili don masana'antar itanol, yana kuma yi wa jama'a alkawarin dusa mai araha ga dabbobinsu, dattawa su tambaye shi da me zai yi barasar. In da rogo ne, to rogo ba shi da furotin sai ɗan kaɗan, ninki uku na ɗan kaɗan kuwa ɗan kaɗan ne, dusarsa ba za ta yi kusa da wadda muka bayyana a sama ba. In da masara ko dawa ne, dusar za ta yi kyau, amma daga kasuwar da matanmu ke awo za a kwashi hatsin. Mun riga mun ɗanɗana irin wannan, domin tun da gwamnatin soja ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya suka shiga kasuwar dawa da masara da buhunan kuɗi, masu kamfanonin abincin kaji kuma suna nan suna nasu saye. Ƙara baki na uku mai faɗi irin na mota a kan wannan akushi ba ƙaramin abu ba ne. Ra'ayinmu shi ne kada a ba da hatsin tuwo ga wannan sana'a a ƙasar da har yanzu yara ke kwana da yunwa, kome kyan dusar da za ta fito.

Akwai kuma darasi na kusa, wanda bai jira zuwan wata masana'anta ba. Dusar giya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ta kamfani da ta burukutu duka ana saye ana bai wa aladu da shanun turke, kuma da yawa daga cikin aladun da ake kaiwa kasuwar Kafanchan da ita suka yi ƙiba. Mun san akwai ikkilisiyoyin da mai bi ba ya kusantar gidan burukutu amma yaransa na zuwa ƙofar baya da bokiti, wannan kuwa mun bar wa fastoci da dattawa su warware. Abin da ya dame mu a nan shi ne fumfuna.

Hatsin da bai bushe sosai ba, ko wanda aka shanya a ƙasa, ko ƙwari suka huda, yakan kama wata fumfuna mai fitar da dafin da ake kira afalatoksin. Tsimi ba ya kashe wannan dafi, ba ya kuma bin barasa ya tafi, a dusa yake zama. Masanan Amurka sun tabbatar cewa a dusar itanol shi ma yana ninkawa kusan sau uku kamar furotin, shi ya sa masana'antun kirki ke gwada masara tun a bakin ƙofa, su mai da motar da ta zo da gurɓatacciya. Saniyar da ta ci dafin takan fitar da wani ɓangarensa a madara cikin yini guda, tafasawa ba ta kawar da shi, mai da madarar nono ko kindirmo ma haka. Dokar Amurka ta hana bai wa saniyar tatsa abincin da dafin cikinsa ya wuce kashi 20 cikin biliyan, ta kuma hana sayar da madarar da nata ya wuce rabin kashi ɗaya cikin biliyan, tankin da ya wuce haka zubar da shi ake yi. Dafin yana cin hanta a hankali har ya kai ga ciwon daji, ana kuma danganta shi da tsumburewar yara. In ya yi yawa yana kisa nan take, kamar yadda ya faru a gabashin Kenya a 2004, inda mutum 125 suka mutu bayan cin gurɓatacciyar masara.

Yanzu mu dubi al'adarmu. In uwargida ta tsince masara, mai kyau ta tuwo ce, baƙa-baƙan da masu kore-kore kuwa a watsa wa kaji, ko a zuba wa akuya da saniya, ko a sayar da araha ga mai dafa giya, daga nan dusar ta dawo gidan da aka fitar da ita. Muna tsammani mun rabu da mugun abu, ashe ya zagaya ne ya shigo ta ƙwaryar nono, kuma yaro ƙarami da aka yaye shi ne ya fi kowa sha. Babu mai gwada dusa a kasuwanninmu, babu mai gwada nonon da ake tallarsa. Ido da hanci su ne ma'aunin da muke da shi, kuma ba su isa ba, don hatsi na iya ɗauke da dafin ba tare da ya nuna ba, amma dai sun fi babu. Dusar da ta dunƙule, ko ta canza launi, ko take warin ruɓa, kada a bai wa dabbar da ake tatsa. Jiƙaƙƙiya a saye ta daidai cin kwana biyu ko uku, in ta yi yawa a baza ta a kan tabarma ko leda ta bushe sarai. Kada kuma ta zama ita kaɗai ce abincin, a haɗa da harawa da ciyawa da kara, domin dokar tumbi ɗaya ce ko a Wiskonsin ko a Mambila.

Ga manoma kuma akwai Aflasafe, maganin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Ibadan ta haɗa tare da Ma'aikatar Gona ta Amurka, wanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin masara ta yi bunu, yana rage dafin ƙwarai tun daga gona. Mutanenmu da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Sassan raya karkara na ikkilisiyoyinmu, waɗanda suka daɗe suna sayar da iri da taki da abincin kaji, su ne suka fi dacewa su kawo shi kusa, ƙungiyoyin Zumuntar Mata kuma su ɗauki maganar shanya hatsi da tsince shi a tarurrukansu kafin kaka, tun da a hannunsu rumbu da tukunya suke.

A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo, kuma babban abin da ake fata daga gare ta shi ne rage makudan kuɗin da ƙasar nan ke kashewa wajen shigo da madarar gari. Madara ba ta ƙaruwa sai abincin saniya ya inganta, saboda haka ko ba jima ko ba daɗe za a zo ga maganar dusar masana'antu, ta gida ko ta jirgin ruwa. Muna da Cibiyar Binciken Kiwo ta Shika kusa da Zariya, muna da ta lafiyar dabbobi a Vom. Muna roƙon ma'aikatar ta ɗora musu aikin auna dusar giya da ta hatsi da ake sayarwa a kasuwannin arewa, su fitar da ma'aunin da ya dace da Bunaji da Bokolo da 'yan haɗin da ake kiwo a Filato, da Hausa, a kan takarda guda da malamin gona zai iya karanta wa jama'a bayan an tashi sujada.